Man da Edinalva Ta Bari Yana Ɗiga

Ranar Talatar nan 'yata Edinalva, wadda muke kira Nalva, ta riga kaji tashi. Kogi ya cika ya shiga daji, ta tuƙa kwale-kwale zuwa gindin dogayen itatuwan andiroba, waɗanda tsayuwa cikin ruwa ba ta damunsu. 'Ya'yansu kan faɗo su tsage gida huɗu, ƙwayayen su yi ta yawo a saman ruwa. Ta tsince su tana waƙa da muryar nan tata da ko ita ta san ba daɗi.

Da hantsi ta buɗe waɗanda ta dafa tun watan jiya ta rufe da ganye. Ta ɓare su, ta cuɗa suka zama ƙullu, ta ɗora a kwamin da ta karkata a rumfar bayan gida, don man ya riƙa ɗiga. A nan garin an yarda cewa in mai ciki ko mai zaman makoki ta kalli ƙullun, man zai tsaya. Muna cin kifi da garin rogo na ce mata a jami'a ban karanta cewa mai yana da ido ba.

Ta yi dariya ta ce, "To Mama, miƙo gwiwar, mu shafa mata digiri."

Da yamma ta shafa min man a gwiwar da ke min ciwo, kamar kullum. Washegari ta faɗi a bakin kogi, ba ta ƙara tashi ba. Likita ya ce zuciya ce.

Ƙullun yana bukatar a cuɗa shi kowace rana, in ba haka ba ya lalace, ni kuma ga ni cikin makoki. Har yau ban yarda da maganar idon ba, amma ban so in gwada ta a kan aikin Nalva na ƙarshe ba. Maƙwabciyarmu Dona Zuleide ce ta karɓa. Nakan zauna na juya wa rumfar baya, in tambaye ta ko man yana zuwa.

"Malama, ke dai kalli kogi."

Ya zo, rawaya, da ɗacinsa yadda ya kamata.

Kwale-kwalen na ba ɗan ƙanena, kwamin kuma Zuleide ta ɗauka. Man na zuba a ƙananan kwalabe na kai wa tsofaffin da Nalva take shafa wa baya da yaran da sauro ya dama. Kwalba ɗaya na ajiye. Ina shafawa kowace yamma, da yawa, don Nalva ta tsani a yi rowar mai.