Jirgin Uban Somoe Ya Sha Ruwa

A garinmu na bakin teku, inda jaki ne motar kowa, in ka tambayi wanda ya fi sanin gidan tarihi ba za a nuna maka mai ofis ba. Za a ce ka nemi Gwaggo Somoe mai shara.

Gajeriya ce mai faffaɗan tafin hannu, da muryar da in ta kira jikarta daga kasuwar kifi sai an ji ta a masallacin Juma'a. Shekara goma sha tara tana share tsohon gidan kwastan da aka mayar gidan tarihi. Ta san wace ƙofar sassaƙa ce ta fito daga gidan wa, da wane tulu ne aka tono a kangon tsohon masallaci. Amma abin da ya kai ta wurin yana tsakiyar babban zaure, a kan gungume biyu: jirgin ubanta.

Jirgin ɗinki ne, irin wanda muke kira mtepe, amma ƙarami. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Huda katakon ake yi, a ɗinke shi da igiyar ɓawon kwakwa kamar yadda ake ɗinke ƙwaryar da ta tsage. Bwanaheri, uban Somoe, shi ne na ƙarshe a garin da ya iya wannan aiki. Da ya rasu, 'ya'yansa maza suka ce su jirgi mai inji suke so, sai aka kai na tsohon gidan tarihi, aka kewaye shi da jar igiya, aka kafa allo mai cewa kada a taɓa. Da aka karanta wa Somoe allon sai da ta yi dariya har da ƙwalla. Jirgin da ta yi barci a cikinsa, ta ci shinkafar kwakwa a cikinsa, ta sha duka a kansa! Washegari ta je ta nemi aikin shara.

Kullum da safe, kafin a buɗe wa baƙi, takan sauka bayan gidan ta ɗebo ruwan teku bokiti biyu. Ɗaya na yayyafi ne kafin shara. Ɗayan kuwa sai ta tsallake jar igiyar, ta bi jirgin da jiƙaƙƙen tsumma ɗinki bayan ɗinki, tana tambayarsa ya ya kwana. Tsohon shugaban gidan ya sani sarai, amma ɗan masunci ne, sai ya kau da kai.

Da ya yi ritaya aka kawo Famau, ɗan maƙwabciyar Somoe, wanda Somoe da kanta ta goya da zanenta. Ya dawo daga karatu a Nairobi da tabarau da tarin littattafai. Mutum ne mai ladabi, kuma yana son gidan da gaske. Littafi ne ya gaya masa cewa gishiri abokin gābar kayan tarihi ne, kuma littafin bai yi ƙarya ba, illa dai bai taɓa shiga jirgin ɗinki ba. Rana ta uku da kama aikinsa ya riske ta tsaye a bayan jar igiya.

"Gwaggo! Me nake gani haka?"

"Wanka nake masa. Kai ma na yi maka, ba ka mutu ba."

"Gwaggo, don girman Allah ki rufa mini asiri. Wannan fa kayan tarihi ne. Ruwan gishiri cin sa yake yi."

"Cin sa? A cikin me aka haife shi, madara?"

Famau ya durƙusa ya roƙe ta, har da kama ƙafa. Ita kuwa ba ta iya wulaƙanta ɗan da ta goya ba. Ta ajiye tsumman, amma ranar ko abincin rana ba ta ci ba, don ta san abin da zai biyo baya.

Bai ɗauki lokaci ba. Kafin iskar teku ta juya, wato cikin 'yan watanni, katakon ya bushe ya tsuke, har kana iya zura yatsa tsakanin ɗaya da ɗaya. Wata safiya tana cikin shara ta ji ƙas, sannan ƙas kuma. Igiyar ce take tsinkewa. Cikin mako biyu katako uku na gefen dama suka saki, suka yi baki kamar tsohon takalmi. Hankalin Famau ya tashi, ya kira kafinta. Da Somoe ta shigo ta ga mutumin da guduma da ƙunshin ƙusoshi, sai ta jefar da tsintsiya ta haye jirgin, ta zauna daram a cikinsa.

"Bismillah, buga," in ji ta. "Amma ta cinyata za ka fara."

Kafintan ya dubi Famau, ya ce shi dai yana da aiki a wani wuri.

"To ya kike so in yi, Gwaggo?" Famau ya tambaya kamar zai yi kuka. "Babu wanda ya iya ɗinkin nan. Duk sun mutu."

"Ni da kake gani gawa ce? Wa kake tsammani yake zama a ciki yana karɓar igiya in Baba ya zuro ta daga waje? Mazan gidanmu suna can suna ƙwallo."

"Igiyar fa? An ce sai ɓawon ya yi watanni a binne."

Nan ne Somoe ta yi murmushi. Shekara goma sha tara ke nan, duk shekara sai ta binne ɓawon kwakwa a cikin laka a bakin teku, kamar yadda uwarta take yi, ta tono na bara ta tufka igiyar da babu mai nema. Mijinta Lali, tsohon masunci mai ciwon gwiwa, ya sha yi mata tsiya a kai. "Matan mutane suna binne zinariya," yakan ce, "tawa shara take binnewa." Igiyar shanya, igiyar jaki, igiyar guga, duk unguwar a wurinta ake samu kyauta.

Famau ya ba ta wata ɗaya, da sharaɗin in ya gagara kafinta zai dawo. Ta kira tsofaffin ƙawayenta shida, suka tono ɓawon da ya ruɓe, suka baje a farfajiyar gidan tarihi suna bugunsa da sanduna, suna murza zaren a cinya, suna waƙoƙin biki irin waɗanda ba a yi a gaban suruki. Warin laka ya cika ko'ina. Baƙi da 'yan makaranta da suka zo kallon tsofaffin tukwane suka bar tukwanen suka kewaye matan. Wata Baturiya ta gwada murza zaren, ta tashi da cinya ja wur, tana ta godiya.

Lali ne ya zauna a waje yana zura igiya, Somoe a ciki tana karɓa tana ja, tana danna ɗan guntun itace a kowace huda don ya riƙe igiyar. Shekara arba'in da aure, amma ba su taɓa faɗa mai daɗi irin na wannan watan ba.

"Maigida, ramin nan ne, ba wancan ba. Idon naka ma ciwon gwiwa yake yi?"

"'Yar Bwanaheri, ki ja a hankali, yatsana ne a ciki."

"Da ma ba ya wani aiki."

Famau yana gefe a kan tabarma yana rubuta komai, yana tambaya kamar ɗan aji ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani, shi da kansa ya faɗa.

Ranar da aka ƙulla ɗinkin ƙarshe, Famau ya yi hamdala, ya ce a mayar da jar igiya. Somoe ta ce ba a gama ba. Katako a bushe yake, in ji ta, in bai sha ruwa ya kumbura ya matse igiyar ba, baɗi war haka kafinta zai dawo da gudumarsa. Sai an kai shi teku. Famau ya yi kwana biyu yana jujjuya maganar, don in jirgin ya lalace wuyansa ne a ciki. A rana ta uku ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a kai shi.

Garin duka ya fito. Masunta talatin suka ɗauke shi a kafaɗa suka fita ta tsohuwar ƙofar kwastan mai kallon teku, mata suna guɗa, ana rabon alewa da gahawa. Aka ajiye shi a ruwa daidai ƙirji, aka ɗaure shi da turke. Ya yi iyo na ɗan lokaci kamar abin kirki. Sai ruwa ya fara tsattsafowa ta kowane ɗinki, ya cika shi, ya nutse har sai bakinsa kawai ake gani.

Guɗa ta tsaya cak. Famau ya cire tabarau ya zauna a kan yashi da farin wandonsa.

"Gwaggo, kin kashe ni."

Somoe ta kurɓi gahawarta. "Shekara goma sha tara yana azumi, ka ce kada ya sha ruwa? Ka bar shi kwana uku."

Haka ta faɗa da babbar murya, amma Allah ya sani ita ma ba ta da tabbas. Ta ga ubanta yana yin haka da sabon katako. Ba ta taɓa ganin an yi da wanda ya tsufa haka ba. Kwana ukun nan a bakin teku take wuni tana kallon jirgin, Lali kuwa ya daina yi mata tsiya, abin da ba a taɓa gani ba.

A safiya ta huɗu, da ruwan teku ya janye baya kamar yadda yake yi kullum, aka shiga da ƙore da bokitai aka kwashe. Jirgin ya zauna a kan yashi, baƙi wuluk, yana sheƙi. Kowa ya tsaya yana jiran ruwa ya dawo. Ya zo a hankali, ya lashi gindinsa, ya hau, ya hau, sai jirgin ya girgiza ya tashi. Lali ya leƙa ciki, ya shafa ƙasan da tafin hannu, ya ɗaga hannun sama kowa ya gani. Ɗan gumi ne kawai, bai kai cikin kofin gahawa ba.

Ihun da aka yi sai da jakuna suka tsorata. Famau ya shiga ruwan da takalmansa, ya miƙa wa Somoe hannu, ta hau. Aka ɗaga tabarma a kan doguwar sanda don iska ta tura jirgin, Lali ya kama sandar tuƙi, suka nufi bakin mashigin teku. Da igiyar ruwa ta farko ta ɗaga su, jirgin ya lanƙwasa kaɗan, dukkan ɗinkin suka yi kuka tare, ƙiiƙ, ƙiiƙ, a hankali. Jirgi mai ƙusa ba ya wannan kukan. Somoe ta manta da shi sam, sai da ta ji shi. Da wannan sautin take barci tana ƙarama, ubanta yana zaune a inda Lali yake yanzu. Ta kwantar da kunnenta a kan katakon, tana kuka tana dariya, ba ta damu da wanda ke kallo ba.

"Lafiya, Gwaggo?" Famau ya tambaya.

"Yi shiru, ɗan nan. Baba ne yake magana."

Har yau jirgin yana ɗaure a ruwa bayan gidan tarihi, kuma duk baƙon da ya zo sai Somoe ta miƙa masa ƙwarya ya kwashe gumin da ya taru. Ƙusoshin kafinta Lali ya gyara ƙofar garken jakinsa da su. Allon nan mai cewa kada a taɓa kuwa yana gidan Somoe, a kansa take yanka kifi.