Ɗanyen huhun da na riƙa ba Gimbiya

Salamu alaikum. Wata bakwai ban ce uffan a nan ba, har wasu sun yi zaton fushi nake. Jinya na yi, da ciki a jikina, cikin da na shekara shida ina roƙon Allah.

Kun san Gimbiya, magena mai yanga. Ni na ɓata ta. Na gani a waya wai ɗanyen nama ne abincin mage na asali, na hau kai na zauna. Kullum na sayi nama a Kinkinau sai mahaucin ya yi min gyara da guntun huhu, ya ce, "Na Gimbiya ne, Hajiya." In yayyanka mata a kan katakon da nake yanka kabeji. Yashin da take kashi a ciki kuwa da hannuna nake kwashewa.

Cikin yana wata huɗu na fara zazzaɓi da kasala, kaluluwa ta fito min a wuya. Kowa a Unguwar Dosa ya zama likita: maleriya ce, shawara ce, laulayi ne. Sati uku ina jan jiki.

Ranar awo likita ta taɓa wuyana, ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba. Ta ce, "Kuna da mage? Me take ci?"

Dariya na yi. Ita ba ta yi ba.

Aka ɗebi jini sau biyu, gwajin ma da tsada. Sakamako ya nuna wata ƙwayar cuta da mage ke ɗauka daga ɗanyen nama, ta fito a kashinta. Likita ta ce ni zan warke, amma cutar tana iya kaiwa ga jariri ta taɓa masa ido ko ƙwaƙwalwa.

Daga ranar zama ya gagare ni. In shiga ɗaki, in fito, in share inda na riga na share. Idan cikin ya yi shiru na awa ɗaya sai in sha ruwan sanyi, in dafa shi ina jira ya motsa. Magani kullum, hoton ciki duk wata, ni kuma fuskar mai hoton nake kallo, ba allon ba.

Umma ta ce, "Shekara shida, Zainabu, a kan mage?" Maigida ya kai Gimbiya gidan ƙanwarsa, na ji haushin kaina da na yi kewarta.

Na haihu, mace. Aka gwada jininta, aka kai mu wurin likitan ido. Ya ɗiga mata magani, ya haska, ya leƙa dama, ya leƙa hagu.

Ya ce, "Idonta lafiya lau. Ku dawo bayan wata uku mu sake dubawa."

A ƙasa na zauna na yi kuka.

Alhamdu lillahi. Likitoci, Umma, da ku da kuka yi ta cigiyata, Allah Ya saka da alheri.

'Yan'uwa masu mage, ba na ce ku kore ta ba. Ku dafa mata naman. Ku raba katakon nama da na ganye. Mai ciki kada ta taɓa yashin mage, kuma in kaluluwa ta fito a je asibiti.

Jiya na ɗaga jan ɗankwali a gaban jaririyata Amatullah, na kai shi dama, na kai shi hagu. Ta bi shi da ido. Na yi ta yi har hannuna ya gaji.