Rabin Waƙa a Bakin Rijiya

Na yi shekaru ina aikin allurar dabbobi a ƙasar Dakoro, na ga abubuwa iri-iri cikin daji, mafi yawansu sun shuɗe daga raina. Amma akwai wani tsoho da na gamu da shi a bakin wata rijiya, sau ɗaya tak na gan shi, kuma na san har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da shi ba.

Sai na fara faɗin halin da nike ciki a lokacin, ko da yake ba abin alfahari ba ne. Ni Kirista ne, cikin gidan Kirista aka haife ni. Mu a Dakoro ba mu da yawa, ɗakin sujadarmu ƙarami ne, kowa ya san tarin kowa. Shekara shida ni ke jagorancin koral, wato ƙungiyar mawaƙanmu. Aikina kuwa na yawo ne, in na fita turne, wato zagayen aiki, sai in yi sati biyu ban kwana gida ba. Wata Lahadi bayan an tashi, wani dattijon ikilisiya da dukanmu ke kira Baba ya miƙe gaban jama'a ya ce koral ta zama garke ba makiyayi, gara a ba wanda ke zaune gari. Yau na san gaskiya ya faɗa. Ranar kuwa abin da na gani shi ne an tsinka ni gaban matata da waɗanda na koya wa waƙa. Na ɗauki hulata na fita, shekara biyu ban sake taka ƙofar ba.

Ba wai sun ƙyale ni ba ne. Fasto ya zo sau uku. Baba da kansa ya zo, na sa aka ce mashi ba ni nan, alhali ga motona, wato babur ɗina, jingine cikin zaure yana kallo. Na riƙa gaya wa kaina ai Allah na ko'ina, addu'ata ta ishe ni. Ran Lahadi matata da yara su yi ado su tafi, gida ya yi tsit, ni kuwa in zauna gindin itacen bedi ina wanke moton da bai yi dauɗa ba. In iska ta juyo ta kawo mani ƙarar gangarsu, sai in ƙure rediyo. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma kaɗaici na ci na kamar gara.

A tsakiyar ranin shekara ta biyu aka tura ni arewa, wata rijiya mai zurfi inda makiyaya ke taruwa. Na gama allurar garken safe, rana ta take, na raɓe inuwar wata aduwa ina shan ruwa. Can gefe wani tsohon Bafillace na kora san da ke jan igiyar guga. Siriri ne, yana ɗingishi da ƙafar hagu. In ya tafi da san har ƙarshen igiya ya juyo, sai in ji yana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Da farko ban kula ba. A zuwa na uku sai na gane abin da yake rerawa. Waƙar sujada ce, wadda na sha koya wa mutane. Yana kai tsakiya sai ya tsaya, ya koma farko, ya sake kai wurin nan ya tsaya.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Da ya kai inda yake tsayawa, sai na ɗora mashi sauran.

Tsohon ya saki igiyar san. Ya tako har inda nike, ya durƙusa, ya kama hannuna da hannuwansa biyu masu kaushi, yana ta kallon fuskata.

"Likita," ya ce, "kai ma na Almasihu ne?"

Na ce, "Ni ma, Baffa."

"Sake faɗa mani ƙarshen. A hankali. Shekara goma sha ɗaya ina neman shi."

Na sake rerawa, muryata na rawa don ta daɗe ba ta yi aiki ba. Yana bi na kalma-kalma da Hausarsa ta Fulani, hawaye na bin tsagar fuskarsa, bai ko share ba. Sai da muka yi ta sau biyar.

Nan ya ba ni labarinsa. Sa ne ya taɓa karya mashi ƙafa, aka kai shi wani asibiti can kudu, ya kwanta wata huɗu. Wanda ke gadon kusa da shi ya riƙa gaya mashi maganar Allah, har ya ba da gaskiya, aka yi mashi baftisma kafin a sallame shi. Tun da ya dawo daji bai sake zama da Kirista ko ɗaya ba. Bai iya karatu ba. Abin da ya dawo da shi ke nan, addu'a guda da rabin waƙa.

Na tambaye shi ko danginsa na tsangwamarsa. Ya girgiza kai. "Ko kaɗan. Ƙwarya ɗaya muke sha. Da na yi ciwo bara, ƙanena ya ɗauke ni a baya. Mutanen kirki ne. Amma in lokacin salla ya yi suka jeru kafaɗa da kafaɗa, ni sai in koma cikin shanu in yi tawa. Shanu kuwa ba su cewa amin." Ya yi ƴar dariya, sa'an nan ya ce, "Ku nawa ne a Dakoro?"

Na ce mun kai arba'in, har da yara.

"Arba'in!" Ya dafe baki. "Ɗaki ɗaya? Kowace Lahadi? Kai, likita, Allah ya so ka."

Na sunkuyar da kai ban ce komi ba. Wannan shirun ƙarya ce, kuma ta fi duk ƙaryar da na taɓa yi da baki nauyi.

Da zan tafi ya riƙe kan motona. Ya ce ya ji ana cin jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙo da masu bi ke rabawa tare, amma an sallame shi kafin ya samu ci ko sau ɗaya. "Ka gaya wa ƴan'uwana akwai nasu a nan. Ko mutum biyu su zo, mu ci tare. Muna nan har ruwan fari ya sauka, daga nan sai arewa."

Na ce, "Baffa, kafin sati biyu za ka gan mu."

Da gaske nike lokacin da na faɗa. Amma da na iso gari sai alkawarin ya zama dutse. In zan cika shi, dole in shiga ƙofar da na yi fushi da ita, in tsaya gaban Baba, in ce ga ni. Sau biyu na nufi gidansa, in na kai kwanar sai in miƙe kamar kasuwa za ni. Ko matata ban gaya wa ba, don na san za ta ce tashi mu je. Na ce sai an gama turne. Aka gama. Na ce sai zafi ya ragu. Kullum ina duba gabas ina cewa da sauran lokaci, har wata biyu da rabi suka wuce.

Wata safiya na tashi na iske tsakar gida jiƙe, ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina, maƙwabta na fita da sungumi za su shuka. Ruwan fari ya sauka. Ko fuska ban wanke ba na tafi gidan Baba. Na same shi kan tabarma yana gyaran kalmensa na noma. Na shirya jin gori, na shirya ba da haƙuri. Ya saurare ni har na gama, bai ambaci shekara biyun nan ba ko da kalma ɗaya. Ya jawo takalmansa ya ce, "Ɗana, akwai mai cikin motonka? Je ka taso fasto."

Muka tafi mu huɗu kan moto biyu, ni da Baba, fasto da matata, wadda ta ƙulle gurasa cikin kallabi. Rairayi ya jiƙe, muna tafe muna kafewa, sai bayan azahar muka isa. Tun daga nesa na san mun makara. Rijiyar da na bari cike da kukan shanu ta yi shiru. Inda rugar take ba komi sai toka da duwatsun murhu da kashin shanu.

Wani manomi Musulmi da ke shuka kusa ya ajiye sunguminsa ya zo muka gaisa. Da na kwatanta tsohon sai ya ce, "Af, ku ne baƙin nasa? Kwana huɗu da tashinsa. Danginsa sun ga hadari sun yi gaba tun tuni, shi ya ƙi, ya zauna da saniya biyu wai yana jiran ƴan'uwansa daga Dakoro. Ni ke kai mashi fura. In ya ji ƙarar moto sai ya hau tudun can da ɗingishinsa. Ƙanensa ya dawo ya tafi da shi." Ya ƙara da cewa, "Tsohon ya bar sallahu. Ya ce in kun zo in gaya maku bai yi fushi ba, ya san hanya ce da wuya."

Na zauna cikin tokar nan na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Hanya ba ta da wuya, awa uku ce a moto. Ni ne mai wuyar.

Baba ya bar ni sai da na yi mai isata, sa'an nan ya dafa kafaɗata ya ce wa fasto, "Tun da mun kawo, mu ci." Matata ta kwance kallabi. Muka durƙusa mu huɗu a kufan rugar, fasto ya yi wa tsohon addu'a duk inda yake, ya kakkarya gurasar. Baba ne ya miƙo mani tawa.

Na neme shi. Duk rijiyar da aiki ya kai ni sai na tambaya, na bar saƙo wurin dillalan shanu a kasuwar Dakoro da ta Kornaka. Wasu suka ce sun gangara wata ƙasa, wasu suka ce ba su san shi ba. Har yau ban san ko yana raye ba, ban san ko ya samu wanda suka ci tare ba.

Na koma cikin jama'a tun Lahadin da ta biyo, benci na baya nike zama, kuma ya ishe ni. Abin da na koya shi ne zumuntar masu bi ba tawa ba ce ni kaɗai, balle in yi fushi in jefar. Da na yanke kaina, na zaci ni ɗaya zan ji ciwon, ashe akwai wanda ke can daji da ni ne kaɗai hanyarsa zuwa ga ƴan'uwansa. Wanda Allah ya ba ƴan'uwan da za su ce amin in ya yi addu'a, ya riƙe su ko sun ɓata mashi rai. In kuwa wani ya aike ka gare su, ka tafi ranar, kada ka jira ruwa ya sauka.