Mai Makulli da Laburaren da Ba Ya Rufuwa

Ƙanin marigayi maigidana ya tsufa yana gadin littattafai a laburare. Mai Makulli ake kiransa, don kafin ka gan shi za ka ji ƙarar makullai a ƙugunsa. Mutumin kirki ne, ba ya wasa da salla, sai dai a ganinsa babu abin da ke lalata littafi kamar karanta shi.

Bara aka kawo sabuwar shugaba, ta sa aka ɗauki hoton tsofaffin littattafan shafi-shafi, aka zuba a wata kwamfuta da ke ɗakin baya. Ta ce manhajar da ke cikin kwamfutar ta kowa ce, ba a saye, kuma duk mai ilimin abin yana iya buɗe cikinta ya gyara. Kowa kuma zai karanta daga wayarsa.

Ya dawo gida ransa a ɓace. Ya ce mini, "Yaya, abin da ba shi da mai shi, in ya ɓaci wa za a kama?"

Na ce Allah ya kyauta.

To, makullin ɗakin baya yana hannunsa. Kullum in an tashi aiki sai ya zare wayar wuta, ya lulluɓe kwamfutar da ƙyalle, ya danna kwaɗo. Ashe ya rufe wa duniya laburare ke nan. Ƙorafi ya yi ta zuwa har daga ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba.

Shugaba ta kira shi. Ya ce, "Ranki ya daɗe, an tashi. Su dawo gobe mana." Ta ce ko ya bar kwamfutar a kunne, ko ya miƙo makullin.

Makulli kam bai bayar ba. Amma kuma ya rantse ba zai bar baƙi cikin littattafai babu mai sa ido ba. Sai ya kai tabarma da buta ɗakin baya, ya tare.

Matarsa ta yi fushi ta gaji, yanzu ni ke kai masa abinci ranar hutu. Jiya na same shi zaune, ya ƙura wa wata 'yar koriyar fitila da ke jikin kwamfutar ido tana ƙiftawa. Na yi sallama da ɗan ƙarfi, ya ɗaga mini hannu.

"Yaya, a hankali. Ba ki ga ana karatu ba?"

Na ajiye kwanon, na fita da sanɗa.