Mai Hura Giya

Yayana Lubor Hanzal bai iya ƙirƙirar mutum ba, sata ya iya. Tun muna yara a Brno, in baƙo ya zo gidanmu, kafin ya kai bakin titi Lubor ya kwashe tafiyarsa da tarinsa yana kwaikwaya wa mahaifiyarmu. Da wannan satar ya zama marubucin fim a Prague. Ni kaina ya saka ni a fim biyu, duka a matsayin mafaɗaciya, kuma har yau ban yafe ba.

Bayan tankokin yaƙin ƙasashen waje sun mamaye ƙasarmu a 1968, ya sa hannu a wata takardar ƙorafi, sai aka hana shi aiki. Aka goge sunansa daga finafinansa, masu gaishe shi a da suka koma tsallaka titi in sun hango shi. Ya kama wankin gilashin shaguna, ga mata ga 'ya'ya uku.

A wurin wankin ya yi aboki, Evzen Rybar, malamin jami'a da shi ma aka kora. Dogo ne mai sanyin hali, da wata ɗabi'a tasa: kafin ya kurɓi giya sai ya hura ta, kamar an miƙo masa romo mai zafi. A mashayar unguwa kullum sai an tsokane shi.

"Farfesa, bari ta huce mana, kada ta ƙona ka."

"Ku dai ku sha taku," in ji shi, ya sake hurawa.

Duk kaka Evzen kan kawo wa gidan Yaya buhun dankali daga ɗan lambunsa, ya hau da shi bene a kafaɗa.

A zamanin, wanda aka hana shi ke rubutawa, wanda ba a hana ba ya ara masa suna. Wani Otakar, marubucin da basira ba ta dame shi ba, ya kawo wa Lubor aiki. Gidan talabijin na son wasa mai dogon zango kan jarumtar 'yan sandan ciki, ana kuma buƙatar mugu, ɗan boko maci amanar ƙasa. Lubor ya rubuta mugun, ya fito ba rai, aka dawo masa da shi. Sai hannunsa ya koma ga abin da ya saba.

Ranar Lahadin da aka nuna wasan ina falonsu. Mugun ya ɗauki kofi, ya hura giyar. Na juya na kalli Yaya. Kunnuwansa sun yi ja, idonsa na kan takalminsa.

"Yaya, me ka aikata haka?"

"Rufe min baki, Zdenka, yara na ji."

Abin haushi, wasan ya karɓu. Ƙasa duka ta kama hura giya ana ƙyaƙyatawa. A mashayar unguwa tsokanar ta sake launi, Evzen na shigowa wani zai ce, "Farfesa, yau wa ka sayar?" Ya daina zuwa. Amma da kaka ta yi, sai ga takunsa a matakala da buhun dankali. Lubor ya shige banɗaki ya kulle, ya bar matarsa da godiya. Haka ya yi ta yi kowace shekara har Evzen ya rasu. Ni da ban rubuta ko harafi ba, kunya ta hana ni cin dankalin nan.

Da gwamnatin ta faɗi a 1989, Yaya ya wayi gari gwarzo. 'Yan jarida na zarya, aka rataya masa lambar yabo, shi kuma yana karɓa yana sunkuyar da kai, ana cewa tawali'u ne. Masu adana finafinai suka shiga mayar wa kowa sunansa. Otakar, da ya gaji da tofin Allah tsine, ya ce wasan 'yan sandan ba nasa ba ne, a tambayi Hanzal. Aka tambaya, Yaya ya ce bai san zancen ba.

Wata rana da hantsi ina gidan, sai ga Blanka, matar marigayi Evzen. Ko kwat ɗinta ba ta cire ba.

"Lubor, an ce ka ce ba kai ba ne."

"Blanka, abin ya daɗe, ni kaina..."

"Otakar bai taɓa zama tebur ɗaya da mijina ba. Tun ranar farko Evzen ya sani. Na ce sai na zo na ci mutuncinka, ya hana ni, wai mutumin nan 'ya'ya uku gare shi. Daga ranar bai ƙara hura komai ba, ko shayi. Da zafinsa yake sha."

Yaya ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ta ɗaga masa hannu.

"Riƙe haƙurinka, ba shi na zo karɓa ba. Sunanka nake so a kan wasan. Shekara nawa kana kukan an raba ka da suna? To ga shi an kawo maka har gida."

Washegari ya kira masu adana finafinan ya amsa laifinsa.

An sake nuna wasan ga ɗaliban fim, aka gayyace shi, ni na raka shi. Sunansa ya fito ɓaro-ɓaro, ya cika allon, yaran suka tafa wa gwarzonsu. Blanka na zaune a bayanmu, hannuwanta a cinya. Can mugun ya ɗauki kofinsa ya hura, ɗakin ya ɓarke da dariya, domin gaskiya wurin ya rubutu. Tsawon shekarun nan Yaya ba abin da yake marmari kamar ya ji ana irin wannan dariyar a ƙarƙashin sunansa. Da dariyar ta zo, sai ya kama hannun rigata ya ce a hankali, "Zdenka, tana kallona?"

Na waiwaya. Na ce masa e.