Shagon da Ba Shi da Sitika

Edita, bayan sallama, ina roƙon fili in faɗi nawa, domin an daɗe ana ba da labarina a majalisu ba a tambaye ni ba. A shekarun da shari'a ta kankama a jiharmu, ni matashi ne mai gyaran kwamfuta a wani layin shaguna a Daura, mai kaifin baki, mai ganin ya fi gari wayewa. A shagon maigidana nake zama, dattijon da ya fara sana'a da tafireta a gindin darbejiya kafin ya sayi kwamfuta. Shi ya ɗauke ni tun ina sakandare, shi ya tura ni Kano koyon gyara. Idan liman bai zo ba, shi ake turawa gaba ya ja mu salla a ɗan masallacin layin.

A Kano wasu samari suka nuna mini wata manhaja da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Ba ta kamfani ba ce. 'Yan sa kai ne daga ƙasashe daban-daban ke haɗa ta, kuma sun yarda kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba. Ba su da kuɗin talla, sai bakin irinmu. Na ɗauki abin da zafi. Samarin Kano suna aiko mini da faya-fayan manhajar ta hannun direban tasha, ni kuma ina bin kafe-kafen intanet da makarantu a kan babur, har Mashi da Kongolam, kuɗin mai daga aljihuna. Amma ba mai saurarena. In na ce kyauta ce, sai a yi dariya a ce ai wadda ake amfani da ita ma kwafinta ake saya a kasuwa, kuɗin da bai kai na tsire ba. Wasu su ce kyautar Bature ba ta rasa lauje cikin naɗi. Wani mai kafe ya kalli faifan ya miƙo mini, ya ce araha ba ta ado.

Da na ga "kyauta" ba ta shiga kunne, sai na nemi kalmar da ke shiga a lokacin. Na je wurin wani malami mai karatu tsakanin magariba da isha'i a unguwarmu, na bayyana masa cewa wancan faifan na kasuwa kayan mutane ne da aka kwafa ba da izininsu ba, ga kuma wani da masu shi suka halatta wa kowa. Malam ya yi tambayoyi, ya gamsu, ya yi nasiha a kan haƙƙin mutane ko da ba Musulmi ba ne. Bai kama sunan kowa ba. Da na tsaya a nan, da yau ba ni da abin rubuto maka. Amma sai na buga wata koriyar sitika mai cewa babu kayan sata a kwamfutar wannan shago, duk wanda ya yarda na sa masa manhajar sai in manna masa a ƙofa. Nan da nan kasuwa ta buɗe. Waɗanda suka yi mini dariya suka riƙa aiko yara nemana, har mai kafen nan na araha.

Maigidana kaɗai ya ƙi. Ya ce idonsa ya yi rauni, hannunsa ya saba da inda komai yake, kuma takardun ofis da ake kawo masa suna hargitsewa a tawa manhajar. Gaskiya ya faɗa, a lokacin suna hargitsewa. Ya ce in ba shi lokaci. Ni kuwa ina can ina murnar ƙofofin da na manna wa, ban taɓa tsayawa na dubi layin da idon mai wucewa ba: kowane shago na shelar ba ɓarawo ba ne, sai guda ɗaya ya yi shiru. Makarantun Islamiyya suka ɗauke aikin buga jarrabawarsu daga shagon maigida. Masu katin ɗaurin aure suka koma maƙwabta. Sai wata la'asar da liman ya yi tafiya, aka ta da iƙama, maigida ya ɗaga ƙafa zai shiga gaba kamar kullum, wani ya riƙo hannun rigarsa, ya tura wani. Ina sahun farko, ina gani. Dattijon ya ja da baya, ya daidaita kafaɗarsa da tawa, ya yi kabbara. Wallahi har yau ban san surar da na karanta a sallar nan ba.

Washegari maigida ya karɓi mabuɗin shagonsa daga hannuna, bai ɗaga murya ba. Sai gari ya juyo kaina. Mutanen da suka yi rububin sitikar, har da wanda ya riƙe rigar, su suka fara kirana butulu. Dattawan layin suka zaunar da ni, suka ce mafita ɗaya ce: in tsaya a masallaci in ce ƙarya na yi, faifan kasuwa ba shi da laifi, manhajata kuma ta 'yan damfara ce da suka biya ni. Na ce musu sitika laifina ce kuma zan ɗauka, amma ba zan wanke kaina da ƙarya a kan mutanen da suka ba duniya guminsu ba su nemi sisi ba. Suka ce taurin kai zai kai ni ya baro ni. Na ce na ji. Na sayi reza, na bi ƙofa-ƙofa da rana tsaka ina kankare sitikar, wasu na zagina don sun ga tana kawo ciniki. Daga nan na je gidan maigida na durƙusa a zaure. Ya ce ya yafe, amma bai mayar mini da mabuɗi ba, kuma bai sake jan salla ba ko da aka roƙe shi.

Na koma gyara a rumfa. Ban daina tallar manhajar ba, kuma ba zan daina ba. Sai dai yanzu zama nake da mutum, in nuna masa, in faɗa masa inda take da rauni kafin ya gano da kansa. Tafiyar ba sauri, amma wanda ya karɓa ba tsoro ya sa shi ba.

Shekaru suka ja. Bara ɗan maigida ya kawo mini tsohuwar kwamfutar shagon, ta mutu. Na ce ya gaya wa Baba zan gyara ba ko kwabo, amma ni ba na sa faifan kasuwa, ko don shi. Na zaci shi ke nan. Da yamma yaron ya dawo da amsa: Baba ya ce in sa tawa, ya daɗe da sanin gaskiyata, amma kada in manna masa komai a ƙofa. Na juya baya don kada yaron ya ga fuskata.

Masu cewa in yi nadamar manhajar su haƙura, ba za su ji haka daga bakina ba. Nadamata guda ce, kuma ita nake miƙa wa duk mai tallar abin alheri, musamman matasan da ke yi don Allah: kada ka tallata naka ta hanyar da za ta mayar da wanda bai karɓa ba mai laifi. Na tashi kare haƙƙin mutanen da ban taɓa gani ba, na taka na mutumin da ya raine ni. Kwamfutarsa tana aiki lafiya yanzu. Shi kuwa har gobe a sahun baya yake salla.