Ƙafar Da Ta Rage Wa Saje Pettway

Da sunan Allah, wanda Shi kaɗai ne alkawarinSa ba ya tashi.

Luther Abdus-Sabur Pettway mutumin garinmu ne a kudancin jihar Jojiya, kuma ya shafe shekaru yana bina salla a sahun farko. Yana saurayi aka kai shi yaƙin Biyetnam, nakiya ta cire masa ƙafar hagu daga gwiwa. Ya dawo da ƙafar roba da muƙamin saje, ya musulunta, ya buɗe rumfar gyaran injin yankan ciyawa a bayan gidansa. Mun sha gaya masa cewa shari'a ta yi masa rangwame ya yi salla a zaune. Sai ya bugi cinyarsa ta dama ya ce, "Liman, ai an bar mini ɗaya. Da wace fuska zan zauna a gaban wanda Ya bar mini ita?"

Bayan imaninsa, babu abin da ya riƙe kamar wata magana da hafsan ɗaukar sojoji ya faɗa musu ranar da suka yi rantsuwa: cewa ƙasa za ta kula da jikinsu har kabari. Luther ya ɗauki wannan a matsayin amana. Kuma haƙiƙa ƙaramin asibitin tsofaffin sojoji na garinmu ya daɗe yana duba shi kyauta.

Da ya cika sittin da biyar, sai zaɓin da ke zuwa wa kowane tsoho a ƙasar nan ya zo masa. Ko ya shiga inshorar lafiya ta gwamnati, wadda ake yankar wani abu daga fanshon mutum kowane wata, ta ba shi damar ganin likitocin gari. Ko ya tsaya ga asibitin sojoji kawai. Babu dokar da ta hana haɗa biyun.

Ina gidan ranar da aka yi maganar. Matarsa Odessa tana soya tarwaɗa, abokinsa na bariki, Cleon Mabry, ya riga kowa zama a tebur.

Odessa ta ce, "Saje, don Allah ka shiga. Ga ciwon suga, ga ƙafa ɗaya tal."

Cleon ya ce, "Haba Odessa! Ya sake biyan abin da ya riga ya biya da ƙafa? Wannan ai na farar hula ne, masu tumbi."

"Ji mai maganar tumbi! Kai da kakinka ya daina rufuwa tun ina amarya. Ci kifinka ka rufa mana baki."

Luther ya yi dariya, sannan ya ce, "Ba kuɗin ba ne, 'yar tsohuwa. Mutanen nan sun yi mini alkawari. In na nemi wata mafaka, na kira su maƙaryata ke nan."

Ya waiwayo gare ni. Na ce masa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma ga Allah ake yin tawakkali, ba ga hukuma ba. Ya yi murmushi ya ce, "Liman, ba ka taɓa sa kaki ba." Wa'adin shiga ya zo ya wuce, bai shiga ba.

Bayan wasu shekaru aka rufe ƙaramin asibitin, aka ce a koma babban na birni, mai nisan gaske. A wannan bazarar ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa cikin rumfa. Ya ɗaure da tsumma ya ɓoye, bisa ɗabi'ar sojoji ta ganin ƙorafi a matsayin ragwanci. Ranar da Odessa ta gani, babban yatsa ya fara baƙi.

Babban asibitin ya ba shi layi mai tsawo. A asibitin farar hula na garinmu kuwa, wanda ake hango rufinsa daga rumfar Luther, akwai likitan jijiyoyin jini da ya duba ya ce ƙafar za ta tsira idan aka yi aiki da wuri. Amma Luther ba shi da inshorar da za ta kai shi can, sai idan hukumar tsofaffin sojoji ta ba da izinin ganin likitan waje. Ya haɗiye girman kansa ya je shiga inshorar da ya ƙi, aka ce masa ƙofar sai farkon shekara mai zuwa.

Sai ya koma ga waya. Na zauna da shi sau da yawa yana kira. Kowace murya takan fara da cewa, "Mun gode da hidimarka ga ƙasa," sannan ta ce ya ci gaba da jira. Odessa ta ce a jinginar da gidan. Ya ce, "Za su kira. Ba a barin soja a baya."

Zazzaɓi ya riga su. Aka ɗauke shi ranga-ranga, aka yanke ƙafar dama domin a ceci ransa. Yana kwance a gadon asibiti wayar ta buga: an ba da izinin.

Cleon ya zo dubiya, hula a hannu, ya kasa haɗa ido da kowa. Luther ya ce, "Kai mai tumbi, daina kallon bargo, babu komai a ƙarƙashi. Idan an buɗe ƙofar inshorar nan, ka zama na farko a layi."

Ranar da ya koma gida ya sa Odessa ta sauke tutar ƙasar nan da ke rataye a barandarsa tun kafin in san shi. Ya ce, "Ninke ta yadda ake yi, kada ta taɓa ƙasa. Sa ta inda ba zan gan ta ba."

Juma'ar da ta biyo baya aka turo shi masallaci a keken guragu, aka ajiye shi a ƙarshen sahu, kusa da bango. Da na sallame, ya yafito ni. Na sunkuya, ya ce a hankali, "Liman, koya mini sallar zaune."

Na koya masa. Allah Ya musanya masa da abin da ya fi, Ya kuma tambayi kowane mai amana game da amanarsa.